Ɗamarar Ɗakin Inna

Ku 'ya'yana, musamman kai Sanusi da kake neman ɗakin kakarka don ka sa amaryarka, wannan babi naku ne. Ina jin abin da ake faɗa a tsakar gida idan an ɗauka ba na kusa. Wasu na cewa Inna ce ta rikice a ƙarshen rayuwarta, shi ya sa ta shafa laka a bangon siminti. Wasu na cewa ni ne na rikice, tunda na hana a taɓa bangon. Ba na son maganar bayan ido. Zan jera muku abin yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake jera bulo. Inda na gane zan ce na gane. Inda ban gane ba zan faɗa, kuma wuraren da ban gane ba sun fi yawa.

Ku fara da sanin cewa ni ɗan fari ne. Yau wannan ba kome ba ne a wurinku, uwarku Rabi tana ƙwala wa babbanku kira da sunansa har maƙwabta su ji. A ƙauyenmu da ke arewa da Gidan Amumune, a zamanin da aka haife ni, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta duban idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ana yaye ni aka ba Kawu Sale, ya taho da ni Tasawa. A nan na yi lakwal, wato makarantar boko, har inda ƙarfinsa ya kai, a nan na koyi gini, a nan na yi aure. Idan na je ƙauye gaisuwa, a bakin ƙofar ɗakin Inna nake tsugunawa, kaina a ƙasa. Ita kuma sai ta dubi kaza, ko turmi, ko ƙanwata Hinda in tana kusa, ta ce, "A ce wa Baƙo ya sha ruwa." Baƙo shi ne sunana a bakinta. Ban taɓa shiga ɗakin ba. Abin da na sani kawai akwai duhu a ciki, kuma wani ƙamshi na fitowa kamar na ƙasa da aka yi wa yayyafi. Wannan ba rashin so ba ne, kada ku ɗauka haka. Tsari ne, kuma ni mutum ne mai girmama tsari.

A shekarar da nake ba ku labari, Baba ya daɗe da rasuwa, yanar ido ta fara rufe idon Inna har ba ta ganin kome sai haske da duhu, kuma damina ta tsaga bangon ɗakinta. Hinda, wadda take aure a can ƙauyen, ita ke kula da ita. Na yanke shawara in dawo da Inna wurina, kusa da likita. Hinda ta yi gunaguni, amma ta yarda. Sai na fara gini a kusurwar gabas ta gidan nan, kuma ban bar wa kowa aikin ba. Na haƙa tushe da hannuna. Na jera bulo da igiya da ma'aunin ruwa. Na sa taga mai faɗi saboda idonta, na yi rufin kwano, na daɓe ƙasa da siminti, na yaɓe bango sumul. A ƙarshe na sayo farin fenti na shafe ɗakin daga sama har ƙasa, na bari ya bushe, na sake shafawa. Lissafina shi ne mai raunin gani tana bukatar haske, kuma fari shi ne launin tsabta da girmamawa. Duk gidajen manya da na gina a Tasawa da Mayahi da fari aka gama su. Ranar da na gama, maƙwabta sun shigo kallo, suna cewa Hamisu ya fita kunyar uwarsa.

Bayan an gama girbi na je na ɗauko ta. Hinda ba ta biyo mu ba, 'yarta ta haihu tana yi mata wankan jego. Da muka iso, Rabi ta riƙe hannun Inna har ƙofar sabon ɗaki. Inna ta tsaya. Ta ɗaga kai tana juya shi hagu da dama, don hasken bangon ya isa idonta. Ta miƙa hannu ta shafa bango daidai ƙirjinta, ta bi shi har kusurwa, ta dawo. Ta shinshina tafinta. Sannan ta ce wa Rabi:

"To. Ashe har an gama. Alhamdulillahi. A ce wa Baƙo ya kyauta, bai bar wa kowa wahala ba."

Na ji daɗi ƙwarai. Na fita waje na gaya wa abokaina cewa tsohuwa ta sa albarka.

Daga nan abubuwa suka fara tafiya ta hanyar da ban gane ba. Da farko ta ƙi hawa gadon da na saya, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma, ta kwanta a kan hannun dama tana fuskantar gabas. Na ce sabo ne. Bayan haka ta fara rabon kaya. Tasoshinta ta ba Rabi. Zanen saƙinta ta ce a ajiye wa Hinda. Mazarin kaɗinta ta ba ki, ke Hadiza, kina ƙarama lokacin, kin ɗauka abin wasa ne. Awakinta da aka bari a ƙauye ta ce a raba wa jikoki. Na ce kyauta ce ta tsofaffi. Sai abu na uku ya zo, wanda ya tayar mini da hankali: ta rage cin abinci. Tuwo sai ta taɓa gefe ta ture. Fura sai ta jiƙa leɓe ta mayar da faifai. Ba ta kuka, ba ta ƙorafi, ba ta fushi da kowa. Salla ba ta wuce ta. Tana zaune kawai kamar matafiyi a tasha da ya ɗaure kayansa yana jiran mota.

Na bi abin da tsari, kamar yadda nake neman inda rufi ke yoyo. Na kai ta likita. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya duba ta, ya auna, ya ce ba zazzaɓi, tansiyo, wato awon jini, daidai, tsufa ne, ya ba da maganin ƙarin jini. Ba ta canza ba. Na ce zafin kwano ne, na hau na shimfiɗa zana a kan rufi. Ba ta canza ba. Na ce ruwan fampo ne bai karɓe ta ba, na sa aka kawo ruwan rijiya daga bayan gari. Na karɓo rubutu wurin liman. Duk shiru. Da na rasa inda zan dafa sai na juya kan uwarku, na ce girkinta ne.

"Girkina?" in ji Rabi. "Tuwon da ya yi maka wannan tumbin, shi ne yau ya zama guba?"

"Ki rage magi. Mutanen ƙauye ba su saba ba."

"Na rage. Na sa daddawa zalla. Na yi mata tuwon hatsi da miyar kuka irin ta can, har yaran ga suna yi mini tsiya wai na mayar da su ƙauye. Malam, ba bakinta ne ya ƙi ba. Tsohuwar nan wani abu take jira, kuma ba ta gaya mini."

"Ki tambaye ta mana."

"Ni suruka? Kai da ka fito daga cikinta ka kasa, sai ni?"

Gaskiyarta. Nakan tsuguna a ƙofa in ce, "A tambayi Inna ko akwai abin da take so." Ita kuma ta dubi bango ta ce, "A ce wa Baƙo ba a bukatar kome kuma." Magana ta tsaya nan. Ƙasusuwan wuyanta suka fito, muryarta ta koma kamar ta mai raɗa. Wata safiya Rabi ta same ni ina haɗa kayan aiki, idonta ja. Ta ce Inna ta ce in yafe mata, ita ma ta yafe mini nonon da na sha. A take na ɗauki wayar salula na kira mijin Hinda, na ce duk abin da take yi ta bari ta taho.

Da azahar kabu-kabu ya sauke ta. Ko gaisawa ba mu yi sosai ba ta wuce ɗakin. Ba ta daɗe ba sai ga ta ta fito da baya, hannu a ka.

"Innalillahi! Yaya, wa ya shafe ɗakin ga da fari?"

"Ni. Mi ya faru?"

"Kai? Da hannunka? Kuma ka sa ta ciki tana numfashi?"

"Hinda, ki yi magana a tsare. Fara daga farko."

"A tsare! Uwarka na mutuwa kana neman tsari. Zamna in gaya maka abin da duk yarinyar da ta isa ɗaukar tulu a garinmu ta sani."

Ga abin da ta gaya mini, na jera shi yadda ya kamata, don ita a birkice ta faɗe shi. Lokacin da kakannin kakanninmu suka haƙa tsohuwar rijiyar gari, can ƙasa bayan an wuce rairayi sun tarar da wata ƙasa, ba ja ba, ba baƙa ba, launinta kamar na dafaffiyar hanta. Hantar ƙasa suke ce mata. Aka tara ta gefen rijiya, tuli guda. Tun daga lokacin, duk macen da ta samu ɗakin kanta sai ta ɗebo wannan ƙasa, ta shafa ta da tafin hannunta a zagaye cikin ɗakin, daidai ƙirji. Ana ce wa shafin ɗamara. Kowace shekara bayan girbi sai ta sabunta. Muddin ɗamara na bango, mai ɗaki na raye, ko da ta yi tafiya. Ranar da ta rasu, bayan an yi sadakar arba'in, mata su taru su rufe ɗakin duka da farar ƙasa. Farin ɗaki a garinmu ɗakin wadda ta tafi ne. Ni ban sani ba. Ina zan sani? Aikin mata ne, a cikin ɗakin da ban taɓa shiga ba, a garin da aka fitar da ni ina ɗan yaye.

Na ce mata wannan canfi ne. Har yau ban janye ba, ran mutum a hannun Allah yake, ba a bango ba. Na ce, "Wane littafi ya faɗi haka?"

"Ba littafi ba ne, Yaya, Inna ce. Tashi ka karanta mata littafin naka mu gani ko za ta ci tuwo."

"To don mi ba ta faɗa ba?"

"Ta faɗa wa wa? Kai? Ta ce maka mi? Ɗanta na fari ya zuba ƙarfinsa ya gama mata ɗakin gawa, sai ta ce ba ta so? Ta ɗauka likita ya gaya maka wani abu. Ko kuwa ta ɗauka ka gaji."

Wannan kalma ta ƙarshe ban taɓa samun amsarta ba. Ban san wanne Inna ta ɗauka ba, kuma babu hanyar tambaya. Hinda ta shiga ta yi mata bayani cewa kuskure ne, Baƙo bai sani ba. Ina jin su daga ƙofa. Inna ta ce, "Magini ne fa. Duk ƙasar nan ba wanda ya kai shi sanin bango." Ba ta yarda ba. Wato gwanintata ce ta zama shaida a kaina.

Na ce to, in launi ne matsala, launi ba ya gagarar magini. Hinda ta ce ba zai yi ba. Ban saurare ta ba, na ja ta kasuwa wurin mai fenti. Na ce ina son ruwan hanta. Ya kawo wani ja mai duhu, Hinda ta ce wannan jinin rago ne. Ya kawo wanda suke ce wa maro, ta ce wannan kashin awaki. Na ce ko ruwan makuba, ta ce ya fi makuba haske, ya fi goro duhu, kuma idan rana ta taɓa shi yana ɗan yin kore-kore. Mai fenti ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Patron, Hajiya launi take nema ko mijin aure?" A ƙarshe ya zaro wani ɗan gwangwani daga ƙasan kanta, ya karanta jikinsa, ya ce terre d'ombre ake ce masa, wai su ma Turawa asalinsa daga ƙasa suke haƙo shi. Ya ɗiga a kan katako. Hinda ta duba, ta ce ya yi kusa. Na ɗauka na ci nasara. Muka fitar da Inna inuwa, na ja igiya, na auna da ma'aunin ruwa, na zana ɗamara miƙaƙƙiya wadda ba ta karkace ko da faɗin farce ba. Da ta bushe Rabi ta shigo da ita. Ta shafa, ta shinshina tafinta kamar ranar farko.

"Rabi, ki ce wa Baƙo Allah ya yi albarka. An sa wa gawa kwalli."

Ta koma tabarmarta. Ranar ko furar ba ta taɓa ba.

Washegari ni da Hinda muka kama hanyar ƙauye da buhu da shebur. Daga Gidan Amumune muka hau amalanke. Da muka isa bakin tsohuwar rijiya ban ga tuli ba. An cike rijiyar, an kafa fampo, an daɓe wurin da siminti, sauran ƙasar kuma ruwan sama ya tafi da ita. Hinda ta ce ta san tulin ya ƙare, amma ta yi zaton za a samu ragowa a gefe, don 'yan matan yanzu labule suke ratayawa a bango, sun daina ɗiba. Na haƙa nan, na haƙa can. Rairayi kawai. Wani tsoho da ke shayar da raƙumansa ya ce mini ƙasar na nan, amma sai na yi zurfin rijiya kafin in taɓa ta. Inna ba ta da kwanakin jiran rijiya.

"Shi ke nan," in ji Hinda. "Ka dawo da ita ɗakinta. Ɗamararta na nan."

Muka tafi gidan. A ranar na fara shiga ɗakin uwata, da furfura a gemuna. Na tsaya har idona ya saba da duhu. Abu na farko da na gani tsagar bango, wadda hannuna zai shige har gwiwar hannu. Na biyu azara, gara ta cinye ta, na danna da yatsa ya nutse. Ɗakin ba zai ga ƙarshen damina mai zuwa ba, wannan kam na sani, aikina ne. Sai na uku, ɗamarar. Ba ta yi kama da abin da na zana ba ko kaɗan. Ta hau nan, ta sauka can, ta yi kauri kamar yatsa don shafi a kan shafi na shekaru. Sawun tafin Inna na nan a jikinta, har layin yatsunta. Kuma ƙamshin nan da nake ji daga ƙofa tun ina yaro, ashe daga nan yake fitowa. Na tsaya ina lissafi. In na dawo da ita nan, za ta ci abinci, rufi kuma ya faɗo mata. In na rushe na sake ginawa, ɗamarar ta tafi tare da bangon. In na bar ta a Tasawa, ta mutu da yunwa a ɗaki mai kyau. Ƙasar da nake nema kuwa ga ta a gabana, duk abin da ya rage a duniya. Na zaro cokalin gini daga buhu.

"Yaya, mi za ka yi?"

"Zan kankare."

"Ba a kankare ɗamarar mai rai! Ko kishi ya kai ina, ba a taɓa yi ba. Can ka shafe ta da fari, nan ka zo ka tuɓe ta. In ta ƙi wancan kuma fa? Ina za ta koma?"

"Ba inda za ta koma. Ɗakin ga ya mutu, Hinda, ki dubi azara."

"Kai dai bango ka sani. Wallahi in ka taɓa ta, ni da kai sai a lahira."

Na taɓa ta. Na shimfiɗa buhu a ƙasa, na fara daga dama da ƙofa na bi zagaye. Ƙasar na faɗowa ɓawo-ɓawo. Da na yi zurfi sai na ga siririn layi fari a ƙarƙashi, a bayan farin kuma wata hantar ƙasar, ta fi ta sama duhu. Na ɗaga wani ɓawo na nuna wa Hinda, na ce wannan fa? Tana bakin ƙofa, ta juya mini baya.

"Na kakarmu ne, uwar Baba. Ɗakinta ne kafin Inna. Har ita ka kwashe."

Ta tafi gidanta. Ni kaɗai na dawo Tasawa da buhu a kan cinya. Duk hanya ina juya abin a raina. In fari mutuwa ne, ga shi Inna ta yi zamanta lafiya a kan farin surukarta. Me ya sa nawa farin ya zama daban? Ko don wancan ta zo ta tarar da shi, ta rufe shi da hannunta, nawa kuwa dominta aka yi? Ban kai ƙarshen tunanin ba har muka iso, kuma har yau ban kai ba.

Na ajiye buhun a gaban tabarmarta, na koma ƙofa na tsuguna. Rabi ta kama hannunta ta sa a ciki. Inna ta damƙo, ta murza, ta kai hanci.

"Rabi, ɗakina ne wannan a cikin buhu?"

"Shi ne, Inna."

"Duka?"

"Duka."

"To. Babu komawa ke nan."

Na ce a raina Hinda ta yi gaskiya, na ƙarasa ta. Rabi ta fara share hawaye da bakin zane. Inna tana ta murza ƙasar tsakanin yatsunta, ta tsinci wani ɓawo mai fari a jiki, ta ɓalle farin da farce ta yar. Ta tsinci wani. Can sai ta ce, da 'yar ƙaramar muryar nan:

"Yarinya, kuka ya isa. Kawo turmi da rariya. Kuma a ce wa Baƙo ƙasa ba ta kama wannan santsin nasa."

Na ɗauki guduma da ƙarfe, na sassare fentin da yaɓen simintin da na yi alfahari da su, zagaye guda daidai ƙirji, har bulo ya fito. Na kwaɓa laka da ƙaiƙayi na cike gurbin, na bari ta sha iska. Sauran aikin na mata ne, amma na kalla daga nesa na riƙe shi, ga shi don kada ya ɓace. Ana daka ƙasar a turmi. Ana tankaɗewa. Ana raba garin biyu, a soya rabi a kasko ba mai ba ruwa, har ya juya ya yi duhu mai ja-ja, sannan a haɗa da ɗanyen. Ana jiƙa ƙaro tun da wuri, a tace, a kwaɓa garin da ruwansa har ya yi kaurin kunu. Inna tana kwance tana ba da umarni, ta ce wuta ta yi yawa, ta ce a ƙara ƙaro. Da hanci take gane kome. Tun zuwanta gidan nan ban ji ta yi faɗa ba sai ranar, kuma ban taɓa jin daɗin faɗa kamarsa ba.

Da hantsi Rabi ta tallafe ta ta miƙe. Ta tsoma hannu a ƙwarya, ta ɗora a bango dama da ƙofa, ta ja. Shafin ya yi sama, ya gangaro, ya ɗiga a kan farin fentina. Ina tsaye a bakin ƙofa, igiya da ma'auni a aljihuna, hannuna na ƙaiƙayi. Ban san na shigo har tsakiyar ƙofar ba. Sai ta juyo da fuskarta wajena, sosai, ba wajen kaza ba, ba wajen Rabi ba.

"Kai, kauce. Ka tare mini haske."

Wannan ita ce magana ta farko da uwata ta yi mini kai tsaye tun da na zo duniya, kuma ita ce ta ƙarshe. Na kauce. Ta kai rabin bango na biyu ƙafarta ta gaza, ta zame ta zauna. Ta ce wa Rabi ba a yin wannan aiki da cikin wofi, wace irin uwargida ce ke sa tsohuwa aiki ba fura? Rabi ta ruga da gudu, tana dariya tana kuka. Inna ta riƙe ƙwarya da hannunta mai laka, ta shanye tas, ta ce nonon ya yi tsami amma a ƙaro.

Ta rayu shekaru bayan haka, kun san ta, kun sha faɗanta. Kowane girbi tana sabunta ɗamarar da ragowar garin har ya ƙare. Hinda kuwa ta cika rantsuwarta gwargwado. Tana zuwa ganin Inna, amma ni sai ta dubi Rabi ta ce a gaya wa maigidan nan kaza. Ita ma ta mayar da ni ɗan fari. Ɗakin ƙauye ya faɗi a daminar da na ce zai faɗi, wannan bai sa ta sauko ba. Ba ta sake yi mini magana ba sai bayan arba'in ɗin Inna, da ta zo da ƙullin farar ƙasa a bakin zane da mata biyu a bayanta. Na samu kaina tsaye a ƙofar ɗakin, hannuwana a kan dogaran ƙofa.

"Yaya, kauce. Lokaci ya yi."

"A'a."

"Kai da ka ce canfi ne?"

"Har yanzu canfi ne."

"To mi kake tsaro?"

"Ban sani ba, Hinda."

Ta dube ni, ta ɗora ƙullin a kan taga ta ce in na sani in aika mata.

Sanusi, ga hukuncina. Na auna maka fili a kusurwar yamma, zan tsaya a kan ginin da kaina, ka shafe shi da duk launin da amaryarka ke so. Ɗakin gabas a bar shi yadda yake. Ƙullin gwaggonku na nan a kan taga, kada a jefar, kada a kwance. Ban aika mata ba tukuna.